Ranar da Majigi Ya Ƙaryata Ni a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da wasu Turawa, waɗanda ban san su ba, su ma ba su san ni ba, suka tsinka ni a gaban surukina ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Lokacin ina malamin lakwal, wato makarantar boko, a Dogarawa, wajen ƙarshen shekarun sittin, ban daɗe da aure ba. Kowa "Mushe" yake ce mini, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, sunan kuwa ya hau mini kai. Ina da wando biyu masu kari, da alƙalami a aljihun gaba, da littattafai shida cikin akwati. A cikin shidan akwai ɗaya da na karanta sau uku. Labarin wani tsohon manomi ne a wata ƙasar sanyi, ɗansa tilo ya ƙi noma ya gudu birni. Birni ya tatse shi, ya dawo ko takalmi babu, ya tarar uban ya mutu, gona ta koma daji. A shafin ƙarshe yana durƙushe a kan kabari yana kuka. (Ni ma nan nake kuka duk sa'ad da na kai, amma wannan tsakaninmu ne.)

To, surukina, mahaifin matata Zara, irin wannan ciwon ne ke cin sa. Ɗansa namiji ɗaya ne, Isuhu, shi kuma ya kafe sai ya tafi Ikko. Ba cin rani irin na kowa ba, a tafi bayan girbi a dawo kafin shuka. Tafiyar da ba ranar dawowa yake nufi. Tsoho ya yi faɗa, ya yi lallashi, duk a banza. Gonarsa babba ce, ƙarfinsa kuwa ya ja baya. Ni kuma tun da na auri 'yarsa bai taɓa ɗaukata a bakin komai ba. A wurinsa duk wanda hannunsa ba kanta bai cika mutum ba.

Sai ga takarda daga Ƙwanni cewa motar majigi za ta zo garinmu, ni ne kuma zan yi tafinta, tunda fim ɗin da Faransanci yake. Na duba sunansa, sai na ga sunan littafina. Na ce a raina Allah ya kawo ranar da tsohon nan zai san amfanin karatu.

Kunya ba ta bari in tunkari suruki da magana, sai na aiki Zara: ta ce masa ya zo da Isuhu, ya zaunar da shi a gaba, ni na ɗauki alkawari yaron zai fasa tafiya.

Zara ta dube ni ta ce, "Ka gan shi da idonka, wanga majigi?"

"Na karanta littahin sau ukku."

"Ba shi nat tambaye ka ba."

Na ce ta yi abin da aka sa ta. Da safen ranar ma mai majigin, wani Bazabarme mai suna Saini, ya ce in zo ya nuna mini tukuna, kada abin ya zo mini baƙo. Na yi masa irin dariyar da nake wa 'yan aji ɗaya, na ce wanda ya san hanya ba ya neman ɗan jagora.

A mangaza aka yi, wato ɗakin ajiyar auduga, bayan la'asar. Aka rufe ƙofa, aka toshe tagogi da tabarmi don a samu duhu, zafi ba a magana. Mai gari da liman da surukina suna gaba, Isuhu a gefensa yana cika yana batsewa. Ni ina tsaye kusa da inji, lasifika a hannu.

Faifan farko ya tafi daidai da littafi, ga tsoho, ga gona, ga yaro ya ɗaure kaya. Nan fa bakina ya buɗe. Maimakon in fassara abin da suke faɗa, sai na shiga wa'azi.

"Ku dube shi da kyau, jama'a. Wanga murmushi da kuka gani shi ne na ƙarshe. Duk ɗan da yab bar gonar ubanai, yadda wanga za shi ƙarewa haka za shi ƙarewa."

Na hango surukina yana gyaɗa kai. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba.

A faifai na biyu sai ga wata mata. Babu mace a littafina, ko ɗaya. Na ɗan yi tari na ce, "Wagga ita za ta cinye mai kuɗɗinai." Sai ta samo masa aiki a garejin ubanta. Na ce a yi haƙuri, wuyar tana gaba. Sai suka yi aure. Yaro ya yi ƙiba, ya sayi hula. Ni dai ina ta cewa tana gaba, ina satar kallon faifan ƙarshe yana ta ramewa, gumi na bin bayana.

Can sai ga yaron a hanyar gida. Cikin mota yake, ba a ƙasa ba, amma na ce ko ba komai ga ƙarshen ya zo. Na gyara murya, na sassauta ta yadda ake sanar da rasuwa.

"To, jama'a, yanzu za shi iske kushewar ubanai."

Ƙofar gida ta buɗe. Tsoho ya fito da lofe a baki, garau, har ya fi yadda aka bar shi kyan gani. Suka rungumi juna. Wani daga baya ya ce, "Mushe, mamacin ya taso!" Mangaza ta ɗauki dariya, har liman sai da ya rufe baki da rawani. Aka sauke wa tsoho injin noma, aka kawo masu kiɗa, ya kama surukarsa suna rawa. Ni kuwa na sauke lasifika.

Da aka buɗe ƙofa, Isuhu ya matso da ladabinsa, a gaban kowa, ya ce, "Mushe, mi as sunan garin ga da yat tahi?"

Surukina bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mushe, tsakanin kai da littahinka, wa yay yi ƙarya?"

Na huce a kan Saini. Ya ɗaga kafaɗa yana naɗe waya, ya ce ai haka masu yin fim suke yi, mutum ba ya biyan kuɗin kallo don ya koma gida da baƙin ciki. Wannan magana ta fi komai ƙona mini rai. Mutum ya zauna shekaru ya rubuta littafinsa, ya kashe wanda zai kashe da dalili, sai wasu su zo su ta da shi su sa shi rawa? In labarin bai yi muku ba, ku ƙirƙiro naku mana, ku sa masa sunan da kuka ga dama. Me ya sa za ku ɗauki sunan littafin mutane ku liƙa wa ƙarya? Haka na yi ta bambami har gida. Zara ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Su sunka hana ka zuwa ka gani da sahe?"

Ba a yi mako biyu ba Isuhu ya tafi. Da ruwan farko ya sauka, surukina ya aiko Zara da hauya, ba saƙon baki ko ɗaya. Na gane karatun. Damina uku ina yin hutun lakwal a gonarsa, hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta, wandunana masu kari suka zama na noma.

A shekara ta huɗu Isuhu ya dawo da keke da rediyo da kwanon rufin ɗaki, tsoho kuma da ransa. Rawa ce kawai bai yi ba. Na je gaisuwa na durƙusa, ya kama hannuna ya juya shi, ya daɗe yana duban kantar.

"Ashe majigi ad da gaskiya," in ji shi. "Amma littahinka ma ya yi rana, Mushe. Ya ba ni manomi."

Tun daga nan, in aka ce mini an mai da littafi fim, ko na haddace shi ba na cewa uffan sai an buɗe ƙofa. Littafin yana nan cikin akwati. Bara ma na sake karanta shi don in tabbatar, kuma wallahi tsohon mutuwa ya yi.