Bikin Azurfar da Na Ƙaƙaba wa Iyayena

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban allo a Bagudo na kusa zubar da mutuncin mahaifiyata da bakina. Shekarar samun mulkin kai ce, ina koyar da ajin yaƙi da jahilci (ni da na gama elementare da ƙyar, amma riƙe alli ya sa nake jin kaina kamar Razdan, Baturen mulkin lardi). Ɗalibaina duk magidanta ne, har da Kawu Ɗanjumma, wan Innata.

Wani akawu ne ya gaya mini wai Turawa, idan aurensu ya cika shekara ashirin da biyar, sukan yi shagali su kira shi bikin azurfa. Abin ya burge ni. Washegari na rubuta shi ɓaro-ɓaro a allo, na yi bayani, na ce kowa ya sa shi cikin jimla. Kowa ya noƙe. Wa zai kawo zancen iyalinsa gaban taro? Sai na ce bari in ba su misali: "Bana Babana da Innata za su yi bikin azurfa." Wallahi ban lissafa komai ba, daɗin faɗi kawai ta yi mini.

Kawu ya ajiye fensirinsa.

"Malam, shekara nawa kac ce?"

"Ashirin da biyar, Kawu."

"To kai shekarunka nawa?"

"Ashirin da takwas," na ce, har da ɗaga kafaɗa.

"Uhm. To ukun ga, ina kay yi su?"

Aji ya kece da dariya, har wani tsoho yana faɗowa daga benci. Kafin kasuwar garin Lolo da ke bakin iyaka ta ci, danginmu na tsallaken Dahome sun ji labari.

Ni ne ɗan fari, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina durƙushe a tsakar gida, ta dubi ƙanwata ta ce, "Gaya ma mai allin can, sau biyu aka yanke shinkafa bayan ɗaurin aurena kafin shi zo duniya. Shaidu na nan da ransu."

Baba daga zaure ya ce, "Ni dai azurfar nike jira."

Inna ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa, ta turo mini kwanon tuwo.

Tun daga ranar, in zan ba da misali a aji, da akuya nake bayarwa. Ita dai ba wanda zai bi mata kadi.