Rasuwar Agogon Gudun Auta a Cikin Kwanon Shinkafa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, in ban da ɗan lungu guda da aka ware wa shakka, iyalan Auta mai shagon buga takardu suna sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan gudun safe rasuwar agogon hannunsa, baƙi, mai maɗaurin roba, wanda ya cika ranar Laraba da hantsi a cikin kwanon ɗanyar shinkafa, bayan jinyar kwana huɗu. Ya bar duniya yana da shekara biyar: uku a hannun Dogo, yayan matar Auta, biyu a hannun Auta.

Mai rubuta wannan sanarwa ita ce mahaifiyar Auta, tsohuwar malamar lissafi, wadda ta yi shekara talatin da ɗaya tana bin amsoshin 'ya'yan mutane da jan biro. Ita ce ta sa aka jinkirta jana'iza har mako biyu da 'yan kwanaki, kuma tana ba da haƙuri. Tun ranar rasuwar ake yawo da wata magana a unguwa, wai masu shirya gasar gudun titi sun ƙara wa hanya kilomita biyu a ɓoye, wai marigayin ne kaɗai ya gane, shi ya sa aka sheƙa masa bokitin ruwa da gangan don a rufe masa baki. An so ta rubuta hakan a nan. Ita kuwa ba ta saba sa hannu a kan amsar da ba ta ga yadda aka yi aikinta ba.

Kafin a kai ga nan, ya dace a ambaci halayen mamaci.

Marigayin ya shigo gidan ne a lokacin da likita ya duba Auta, mai shekara arba'in da biyar a sannan, ya gaya masa jininsa ya hau, tumbinsa ya riga shi shiga ɗaki, kuma ko dai ya fara motsa jiki ko a fara ƙara masa ƙwayoyi. Dogo ya ji labari, ya kwance agogon daga hannunsa ya ba shi kyauta. Daga ranar Auta ya samu abokin tafiya wanda bai taɓa makara ba, bai taɓa cewa yau jikinsa ba daɗi ba. Hanyarsu guda ce: daga ƙofar gida, a bi katangar makarantar firamare, a karya kwana a tankin ruwa, a wuce garejin makanikai, a dawo. Da an doshi ƙofa sai marigayin ya ce “tit-tit”, wato kilomita ɗaya ya cika. Mai sanarwa ta tuna tun a lokacin abin ya ɗan tsaya mata a rai, domin a iya saninta masu yanka tituna ba sa tuntuɓar malaman lissafi, amma ta ga ɗanta yana zufa, ta ja bakinta.

Makonsu a tsare yake. Talata zagaye biyar. Laraba gudun fitar rai tsakanin turakun lantarki, a tsere daga wannan zuwa wancan, a tsaya a riƙe gwiwa, a sake, har makanikai suka daina ɗagowa su duba ko kare ne ya biyo shi. Alhamis zagaye shida a hankali. Asabar babbar rana, zagaye goma cif, kuma a ƙarshen na goman marigayin yakan saki doguwar muryarsa, “tiiiiit”, wadda duk gidan suka sani, har matar Auta ba ta ɗora ruwan shayi sai ta ji ta. Litinin da Juma'a hutu ne, wanda Auta ya ce masana sun tabbatar shi ma horo ne. Idan haka ne, mai sanarwa tana cikin horo mai tsanani tun ranar da ta yi ritaya. Lahadi kuwa ranar gaida uwa ce, inda yakan durƙusa ya gaishe ta a gurguje, ya miƙo mata wuyan hannu ta karanta lambobin mako.

Mafi girman abin da suka yi tare shi ne kilomita goma a minti hamsin da biyu. Auta ya buga wannan da manyan haruffa masu launi, ya manna a shago tsakanin kalanda da fanka. Duk wanda ya zo buga katin biki ko takardar neman aiki sai ya tsaya an yi masa bayani kafin a kunna inji.

Da ƙungiyar masu gudu ta gari ta sa gasar kilomita goma, Auta ya sanar da dangi cewa zai iso kafin minti hamsin da biyar, kowa ya zo da wuri kada a rasa gani. Aka kai mai sanarwa bakin layin ƙarshe da kujerar roba da lema. Samari suka shigo kamar an koro su. 'Yan mata suka shigo. Awa guda ta cika. Wani mutum ya shigo da silifa. Tsohon mai askin unguwa, mai shekara sittin da takwas, ya shigo yana gaisawa da mutane hagu da dama, har ya tsaya ya tambayi mai sanarwa ya gwiwa. Babu Auta.

Abin da ya faru, kamar yadda shaidu suka faɗa, shi ne: daidai wani gidan mai, Auta ya duba hannu ya ga saura kaɗan goma ta cika, sai ya zuba duk ƙarfin da ya rage masa, yadda ya saba a zagayen ƙarshe. Marigayin ya ce “tiiiiit”. Auta ya ɗaga hannu biyu sama, ya tsaya cak a tsakiyar titi. Babu layi, babu tuta, babu dangi. Mai facin taya ne kaɗai a wurin, shi ma ya tafa masa sau biyu don kara. A gefen titi ga allo an rubuta takwas. Auta ya yi wa wani jami'in gasa bayanin cewa allonsu ya yi kuskure, yana nuna masa agogo yana haki, har ƙafafunsa suka ƙi shi ya zauna a bakin kwalbati. Matar da ke teburin ruwa ta ga fuskarsa ta yi toka-toka, ta ɗauki bokiti ta juye masa. Gilashin marigayin kuwa dama yana da tsaga tun wata faɗuwa da ya yi a banɗaki. Sauran hanyar da ƙafa Auta ya taka ta, yana ɗiga. Ya iso a awa ɗaya da minti ashirin da huɗu.

Ciwon ajali ya fara da hazo a ƙarƙashin gilashi. Zuwa yamma lambobi suka fara rasa gaɓoɓi, takwas ta koma kamar uku, bakwai ta zama sanda. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce a binne shi a shinkafa, tana tsotse ruwa. Mai sanarwa ta tambaya waye ya taɓa gani da idonsa. Kowa ya san wani wanda ya san wani. Duk da haka aka kwantar da shi a kwanon silba, aka rufe, Auta yana leƙawa safe da yamma yana tona shi da ɗan yatsa. Ranar Talata an ji “tit” guda ɗaya, siririya, daga ƙarƙashin shinkafa. Ita ce kalmarsa ta ƙarshe. Washegari mai gyaran agogo ya buɗe bayansa, ya sa gilashin ido ɗaya ya daɗe yana kallo, ya mayar da murfi a hankali, ya tambaya ko za a bar masa maɗaurin.

Da abin ya tsaya nan, da an binne shi tuni. Amma Auta ya zauna ya rubuta takardar koke shafi uku zuwa ga ƙungiya, ya tara sa hannun mutum goma sha huɗu, akasarinsu masu jiran a buga musu aiki ne, ya kuma rantse ba zai sake ɗaura takalmin gudu ba sai an fito an ba marigayin haƙuri a bainar jama'a. Takalma suka shige ƙarƙashin gado. Bayan kwana goma matarsa ta zo ta raɗa wa mai sanarwa cewa na'urar awon jini ta fara nuna lambobin da aka manta da su. Mai sanarwa ta san waɗannan lambobin. Su ta riƙa karantawa a hannun mahaifin Auta har shekarar da ta binne shi. Don haka ta ɗauki mayafi da littafin rubutu ta fita.

Ta fara da hanyar gasa. Ta sa wani direba ya bi ta da ita daga farko har ƙarshe tana kallon mitar motar: goma. Ba ta yarda da mota ɗaya ba, ta nemi ta biyu: goma da ɗan ɗigo, ɗigon kuma ta ɗora shi a kan kauce wa ramuka. Ta nemo matar teburin ruwa, ashe ma'aikaciyar jinya ce, wadda ta ce ba ta ma lura da wani agogo ba, mutum ta gani yana shirin sulalewa, kuma gobe ma in ta gan shi haka za ta sake juye masa. Sannan ta ari tef mai mita hamsin a wurin magini maƙwabcinta, suka bi zagayen Auta tun daga ƙofa, maginin yana ja ita tana dannawa da sanda tana rubutawa. Makanikai suka fito suna tambaya ko Hajiya sayen layin za ta yi.

Daga nan ta wuce gidan Dogo, wanda sai ya sunkuya yake shiga ɗakinsa. Ta tambaye shi yadda marigayin yake sanin nisa. Ya ce ai wannan ba irin masu magana da tauraron ɗan'adam ba ne, taku yake ƙirgawa, ya ninka da tsawon takun da aka gaya masa ranar farko, shi kuma ya gaya masa mita ɗaya. Ta tambaya ko ya canza da zai bayar. Dogo ya sosa ƙeya, ya ce ashe ana canzawa.

Ranar Lahadi da Auta ya zo gaisuwa, hannu babu komai, ta sa aka watsa ruwa a tsakar gida, ta ce ya tsallaka mata da gudu zuwa busasshen siminti. Ya ce ya yi rantsuwa. Ta ce a kan takalmi ya rantse, ya cire silifa. Ya gudu. Ta bi sawun da tef ɗin ɗinki, ta rubuta, ta miƙa masa littafin. Ya karanta sau biyu, ya zauna a kan turmi.

“Mama, kenan shekara biyu ina gudun ƙarya?”

“Gudun naka ne, Auta. Lissafin ne na Dogo. Likita kuma jininka ya auna, bai tambayi agogo ba.”

Ya daɗe yana kallon sawunsa suna bushewa. Can ya tambaya, to zagaye nawa ne goma ta gaskiya. Ta ce ya je ya yi da kansa, ya kawo mata ranar Lahadi, kuma ya nuna aikinsa.

Saboda haka iyali suna wanke marigayin daga duk wani zargi. Bai taɓa ƙarya ba. Ya rayu ya mutu yana yi wa Dogo ƙirga, bai san an canza masa ƙafafu ba.

Ya rasu ya bar takalma biyu, na hagu yana fama da zaizayar dunduniya. Gorar ruwa mai yoyo. Igiyar caji, wadda aka gwada ta a duk na'urorin gidan ba ta shiga ko ɗaya ba. Lambar ƙirji ta ranar gasa da alluranta uku, ta huɗun ta ɓata a gidan mai. Da kuma takardar minti hamsin da biyu, wadda aka sauke daga bangon shago, yanzu tana tare ƙafar teburin da ke rawa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe shida da rabi na safe, a ƙofar gida. Za a naɗe mamacin a cikin takardar koke, shafi ukun sun isa har da saura. Auta ne zai ɗauke shi, sanye da takalmansa, kuma da gudu. Mai aski ya amsa gayyata, an roƙe shi kada ya wuce gawa. Dogo zai bi daga baya, da gajeren taku. Bayan an dawo za a sa shi a makwancinsa, aljihun tebur na ƙasa, kusa da rimot biyu da tocilan da suka riga shi. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da shawara, kada kuma su zo da shinkafa.

Dattawa da masu ciwon gwiwa za su iya raka gawa. Zagaye ɗaya za a yi. Mita ɗari takwas ne.