Tsuntsu Na Talatin Da Ɗaya

"Lafiya lau, amarya. Wannan ragowar sauro ya bar mini?" in ji Kaka, yana leƙen fuskar jikarsa.

Kwana uku ta yi a sansanin bakin kogi tare da 'yan ajinsu, suna ƙirga namun daji. Gobe za ta miƙa rahoto, saura layi ɗaya babu suna. Shi kuwa Kaka shekara arba'in ya yi yana tuƙa kwalekwale kafin gwiwa ta zaunar da shi a baranda.

"Ai tsoho, da ka je da ka raina kanka. Dorina ta yi hamma a gabana, haƙoranta sun fi naka yawa."

"Biyu gare ni, kuma ba aro na yi ba. Me kuma?"

"Zalɓe a tsaye kamar an dasa shi. Birai suka sace mana burodi, suka zauna a kan tanti suna ci suna kallonmu. Kada yana shan hantsi, ɗan tsuntsu na yawo a bayansa."

"Kadan nan ni na raine shi. Bai tambaye ni ba?"

"Ya ce ya ɗauka ka daɗe da rasuwa."

"Ja'ira! Kawo littafin."

Ya buɗe littafin rahoton, yana bin zanen da ta yi da yatsa. Har lanƙwasar wuyan zalɓe ta fito daidai.

"Tsuntsaye talatin na samu," ta ce. "Na talatin da ɗaya ne ya ƙi fitowa daga cikin ciyawa. Muryarsa kawai na ɗauka. Ko malaminmu bai gane shi ba. In na bar layin haka, maki zai zube."

Ta kunna muryar a wayarta. Wani siririn fito ya tashi, tsit, tsit, sai ƙarar ruwa.

Kaka ya yi dariya har da tari. "Tsuntsu? Wannan tsuntsun naki gashin baki gare shi, da ƙafa huɗu! 'Ya'yan karen ruwa ne, suna kiran uwarsu."

"Kai tsoho, ban da ƙarya!"

"Saurari ƙarshen. Kin ji tsulum? Ita ce ta faɗa ruwa. Ke da malamin naku ku zo in buɗe muku aji."

Ta ja biro tana gyarawa. Shi kuma ya kara wayar a kunne, ya sake kunnawa, ya sake.

"Wai daga ina kika ɗauko wannan? Har numfashinsu ina ji."

"Rub da ciki na yi a taɓo, awa guda, ban motsa ba."

"Ke? Da ba kya iya shiru ko a asibiti?"

"Ni ɗin."

Kaka ya miƙe a hankali. Sannan ya cire tsohuwar malafarsa ta kogi daga ƙusa, ya kifa mata a ka.

"Shekara arba'in, ba su taɓa bari na matso haka ba. Ɗauki, kin ci. Amma wayar nan ta zama tawa sai gobe."