Shirwa Ɗari Takwas da Sha Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Talata ba, domin ni da hannuna na rubuta lokacin a littafi, har na ja masa layi biyu da jan biro. A wannan minti ne shirwa ta farko ta gifta ta saman gidanmu a Gummi ta nufi arewa, ni kuma na fara jawo wa kaina abin kunya cikin natsuwa da kyakkyawan rubutu.

Lokacin ina aji biyar a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Anka. Malaminmu na kimiyya, Malam Sanusi, ya gaya mana cewa shirwa matafiyiya ce, da bazara take yin arewa kafin ruwa ya sauka. Ya ba mu aikin hutu: kowacce ta ƙirga waɗanda suka wuce ta garinsu. "Masu yin arewa kaɗai," in ji shi. Wadda aikinta ya fi kyau za ta karanta shi ranar ba da kyaututtuka, a gaban iyaye.

Sauran 'yan aji suka ce a cikin motar dawowa gida za su ƙago nasu. Ni kuwa shekara biyar ina makarantar, akwai malaman da ba su san muryata ba (wata malama ta taɓa tambayar shugabar aji ko ina ji). Na ƙudura a raina wannan karon sai an ji ni.

Na ari agogon Baba, na tsaga shafukan littafi gida-gida da rula: rana, lokaci, adadi, bayani. Kullum da hantsi in ɗauki kujera 'yar tsugunno in zauna tsakar gida, in ɗaga kai. Shirwa ta taso daga kudu, ta ratsa saman gida, ta ɓace bayan katangar arewa, in ja layi ɗaya a littafi. Akwai masu dawowa ta gefe suna yin kudu, amma Malam ya ce arewa kaɗai, ni kuma ba na saɓa umarni. Ko kallo ba su ishe ni ba.

Inna ta fito ta gan ni. "Ke Hadiza, mi kike nema sama?"

"Bincike nake yi, Inna."

"To, Allah shi ba da sa'a. In kin ga hadari ki gaya min in kwashe shanya."

Cikin mako uku na tara shirwa ɗari takwas da sha huɗu. Har na gano abubuwa biyu da na tabbata ba su cikin kowane littafi. Na ɗaya, hijirar tana farawa da ƙarfe goma da 'yan mintuna, ta ƙare kafin sha ɗaya. Na biyu, da yawa daga cikinsu sun rasa gashi a fiffiken hagu, na ƙirga irinsu ɗari da sittin, na rubuta a gidan bayani cewa wahalar doguwar tafiya ce. (Na ji tausayinsu ƙwarai. Har addu'a na yi musu.)

Malam Sanusi ya duba littafin ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsafta haka ba. Aka zaɓe ni.

Ranar taro Inna ta sha lalle ta zo tun daga Gummi, ta zauna layi na biyu. Na hau dandamali, na karanta komai, har da batun fiffiken hagu. Aka yi tafi. Wallahi a wannan lokacin ji na yi da an miƙo min wani littafin sai in karanta shi ma.

Sai babban baƙo, wani dattijo tsohon malamin gona, ya gyara tabarau ya ce, "Yarinya, aiki ya yi kyau. Amma a ina kika zauna kika ga wannan taro haka? Bakin gulbi?"

Kafin in haɗiye yawu Inna ta miƙe, fuskarta cike da alfahari, ta zo taimakon ɗiyarta.

"Cikin gidanmu ne, ranka shi daɗe! Ai da hannuna a aikin. Kifi nike soyawa na sayarwa, in na gama gyara da hantsi sai in watsa hanjin bayan katanga, su kau su taho. Su biyar ne, shekara da shekaru muna tare. Mai fiffiken nan da ta ce, ita ta fi su haɗama, ni na jefe ta da muciya bara da ta ɗauke min ɗan tsako."

Daga nan wata ɗaliba daga can baya ta ce "biyar," sai dariya ta ɓarke, har shugabar makaranta ta rufe fuska da takardar jawabi. Malam Sanusi ya duƙa yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Ni kuwa ina tsaye riƙe da littafina, ina raba ɗari takwas da sha huɗu gida biyar a zuci (hali dai ba ya barin mutum).

Daga ranar na koyi cewa kafin mutum ya tsaga shafi da rula, yana da kyau ya zagaya ya leƙa bayan katangarsu. Murya kam an ji ta. Har na gama makarantar, in na wuce sai 'yan ƙananan aji su ɗaga kai sama suna ƙirga da yatsa.

Na raka Inna tasha. Sai da ta sa ƙafa a mota na kasa daurewa.

"Inna, mako uku kina ganina. Me ya sa ba ki gaya min ba?"

Ta gyara mayafi ta dube ni.

"In gaya miki ki koma ɗaki? Tun da anka haife ki ban taɓa ganin kin hita tsakar gida da kanki ba, kina shan iska, kina cinye tuwo har da neman ƙari. Ko ƙudaje kike ƙirga, ni ƙara hanjin zan yi."