Rasuwar Gwaggo, Mai Riƙon Rumbun Ɗakin Karatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki mai cike da gajiya, Inna mai aiki da sikana, na'urar ɗaukar hoton takardu, ta ɗakin karatu, hawa na biyu, ƙofar da ke kusa da famfo, tana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Gwaggo, wato tsohuwar manhajar da ke riƙe da rumbun kundayen ɗalibai a kwamfuta. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha huɗu, bayan jinyar wata biyar a hannun injiniya.

Inna ta ga takardar da shugaban ɗakin karatu ya liƙa a saman wannan sanarwa, an kuma fassara mata ita, wai an yi nasarar sabunta rumbu daga zubi na uku zuwa na bakwai, ko kundi ɗaya bai ɓata ba. Ba ta ƙaryata shugaba ba. Kundaye suna nan, dubu goma sha ɗaya da 'yan kai. Amma mai riƙonsu ta tafi, kuma ya kamata wani ya faɗa.

Ɗalibai ne suka raɗa mata Gwaggo, don ba ta san gaggawa ba. In an kunna ta da safe sai ta yi gyaran murya, ƙirrr, ƙirrr, ta yi shiru kamar mai shawarar ko ta tashi ko ta ƙara kwanciya, sannan ta ce tit. Kafin tit ɗin nan mutum ya goge tebur, ya buɗe taga, ya leƙa ya gaida maƙwabta. Amma in ta tashi, ta tashi ke nan. Ba ta taɓa cin amanar ajiya ba, ba ta taɓa sauya wa abu wurin zama ba.

Babban halinta na kirki shi ne rufin asiri, kuma Inna ce shaida. Da tsintsiya Inna ta shigo gidan nan. A aji huɗu karatunta ya tsaya. Hausa tana karantawa, tana rubutawa kamar yadda ake gani, amma Turanci ko kalma goma ba ta haɗa ba. Tsohon mai kula da ɗakin, kafin ya yi ritaya, ya lura hannunta ba ya yaga takarda, sai ya zaunar da ita gaban Gwaggo ya nuna mata: kore na sama, sai akwati na biyu, a kwafe sunan kundi harafi bayan harafi, a sauka sau uku, a danna shuɗi. In Gwaggo ta ce tit, an gama. In ta ce tut-tut, a koma a duba. Iyakar karatun ke nan, kuma da shi Inna ta ci abinci shekara goma sha huɗu. Manyan malamai sun hawo bene sun yi mata godiya. Ba wanda ya taɓa tambayar ta me aka rubuta a kan koren nan, Gwaggo ma ba ta tambaya ba.

Ciwon ajali ya soma ne da ƙorafi. Ɗalibai suka ce ba ta buɗuwa a wayoyinsu. Aka kawo injiniya, mutum mai ladabi, mai yawan shafa ƙeya. Ya duba ya ce ta yi nisa da zamani, sai an kai ta zubi na bakwai, kuma ba a tsallake, dole ta bi ta huɗu, ta biyar, ta shida, kamar mai hawan bene. Ya ce aikin mako ɗaya ne.

A hawa na huɗu ta soma mantuwa. A nemi kundin da aka ajiye jiya, ta ce ba ta san shi ba. Kwana uku aka bar ta tana ƙirga kayanta, fankarta na huci fuuu, har ta dawo hayyacinta. A na biyar ta rikita wata da rana, kundin watan uku ya koma na watan tara. Injiniya ya mai da ita huɗu, ya sake hawa da ita, ta sake zamewa. Sau uku ana haka. Inna ce mai jinya. Ita ke zuwa da sassafe ta goge mata ƙura, ta ja tebur gefe don iska, ta zauna tana kallon wani layi yana rarrafe a allo daga safe har a tashi aiki. A na shida shuɗin ya ɓace, koren ya koma ƙasa, amma muryar tana nan, Inna tana laluba tana samun hanya. Ranar Talata aka kai ta bakwai, aka kwashe komai aka zuba a wata sabuwar na'ura da ke can wani ɗaki mai sanyi. Aka kunna. Ba ƙirrr, ba tit. Allo fari fat, rubutu ƙanana launin toka, ko'ina tambaya. Mutane suka tafa. Injiniya ya ce ai ita ce dai, kaya kawai ta sake. Inna ta yi jinyar uwa, ta yi ta miji, ta san bambancin wanda ya sake kaya da wanda ya tafi.

Marigayiya ta bar ƙaninta sikana, mai tari in an ɗora masa littafi mai kauri. Ta bar firinta, wanda dama ba jituwa suke ba. Ta bar mayafin da Inna ta ɗinka mata da ragowar labule. Ta bar kundayen nan duka, marayu a hannun baƙuwa. Ta kuma bar Inna, mai shekara hamsin da uku da ciwon gwiwa, wadda aka ce ranar Litinin mai zuwa ita da sauran ma'aikata kowa zai shigar da kundi ɗaya a sabuwar a gaban shugaba, wanda ya kasa a mai da shi aikinsa na da. Aikin Inna na da yana nan jingine a bayan ƙofa, kuma benen nan hawa huɗu ne.

'Yar Inna ta fari, mai aikin jinya, ta ce mata ta daina wahalar da kanta ta faɗi gaskiya kawai. Inna ta ƙi, ta yi kwana biyu tana zana allon a takarda don ta haddace wuraren, sai ta tarar sabuwar ba ta zama wuri ɗaya, abin da ke dama yau gobe yana cikin wani aljihu. To, ga gaskiyar nan an faɗa, a ƙofar shugaba kuma. Ɓoyon ya fi aikin gajiyarwa.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma. Mai sito zai zo da baro ya ɗauki akwatin marigayiya zuwa ɗakin ƙasa, inda ake tara karyayyun kujeru. Ana roƙon a sauka da ita a hankali, kada a ja ta da waya. Zaman makoki a ɗakin sikana ne, daga Alhamis zuwa Asabar, lokacin hutun rana. Ba a bukatar a kawo komai. Sai dai duk mai zuwa ta'aziyya da ya iya Turanci, ana roƙon ya zo da haƙurinsa, ya zauna ya karanta wa Inna abin da baƙuwar nan take tambaya, layi-layi, ba da sauri ba, ba da dariya ba. Ta sayi littafi da biro. Kujerar baƙi ɗaya ce, a riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya.