Zauren da Na Gina wa Kwamfuta

Na amsa laifina. Lokacin ina rubuta manhaja a wani shagon buga kati a Adabraka. Kowane irin kati da ƙofar da yake ɗaukar suna, sai na ce zan haɗe su a zaure ɗaya, irin na gidanmu a Nima, duk sunan da ya shiga ya wuce kan katin da ake bugawa. Kwana uku ina gini, ina jin kaina sarkin magina. Wajen gwaji na sa sunana da na Rabi mai koko, wadda ban taɓa iya yi wa magana ba. Na zauna ina kallonsu kamar a mafarki, na manta ban goge ba.

Ranar Juma'a katin auren 'yar Alhaji Sani ya zagaye Maamobi da sunayenmu. Washegari Rabi ta miƙo min koko, ta ce, "Ango, ni ba a gaya min ba." Maganar ba ta wuce nan ba.

Yau ina da jikoki, amma har matata Angon Rabi take kirana.