Rasuwar Jakar Goyon Borghild Lunde

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ba ta ga dalilin ɓoyewa ba, Borghild Lunde ta gidan ƙarshe a hanyar tsaunin Dovre tana sanar da dangi, maƙwabta da abokan tafiya rasuwar jakarta ta goyo, wadda ta cika ranar Lahadi a hannun Eilif, mijin 'yarta Tordis. Kada wani ya ce tsufa ne. Almakashi ne.

Marigayiya ba 'yar kanti ba ce. A kan teburin kicin aka haife ta, hunturun da Borghild take amarya. Daga tsohon tamfol na jirgin ruwan kawunta ta yanko ta, ta ɗinke da zaren kamun kifi, ta goge da kakin zuma har ruwa ya daina ratsa ta. Mijinta Halvor, Allah ya jiƙansa, shi ya yi mata ƙashin baya. Ya turara ɗanyen itace a kan tukunya, ya lanƙwasa shi da zafinsa a bayan matarsa, domin kafaɗarta ta hagu ta fi ta dama sauka tun tana yarinya. Saboda haka jakar nan bayan mutum ɗaya ta sani a duniya.

Ta yi zamanta da haƙuri. Ta goyi butar kofi, gurasa, cuku mai ruwan ƙasa da busasshen nama. Ta taɓa sauko da ɗan tunkiyar da ya karye, ya yi fitsari a cikinta, ba ta ce komai ba. Ita kanta Tordis a cikinta ta fara ganin tsauni, kanta a waje, ƙafafunta kan dankali. Duk wanda ya taɓa bin Borghild a baya ya san muryar marigayiya. In ana hawa, ƙiii, ƙaƙ, ƙiii, ƙaƙ. In an sauke ta a kan dutse, fuuu, kamar tsohuwar da ta samu kujera.

Ga yadda ciwon ajali ya same ta. Eilif yana cikin mutanen nan da ke yanke rabin mariƙin buroshin haƙori don kada ya yi musu nauyi, masu ɗora safa a kan sikeli kafin su fita. Ya zo aro, wai tasa tana wurin gyara. Borghild ta ba shi saboda 'yarta na tsaye tana kallo. Yana isa gida ya ɗora baiwar Allah a kan sikelin kwaɓa fulawa, ya ga abin da bai yi masa daɗi ba. Ya yanke aljihunan gefe. Ya datse maɗaurai. Ya zare ƙashin bayan, da ya ƙi fita ya karya shi. Sannan ya cika ta da kaya ya hau tsauni. Jakar da ba ta da ƙashi, nauyi duk ya taru a gindinta, ɗinki ya saki a tsakiyar rafi, ruwa ya tafi da abincinsa. Wannan kam ba a yi masa jaje ba.

A ledar kanti ya dawo da gawar. Ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "Mama, nauyi kawai na rage mata. Da kin ɗauka kafin ta yage, kamar ba komai a bayanki." To yanzu ai babu komai a bayanta. Burinsa ya cika.

Marigayiya ta bar baƙar butar kofi, kofin itace, sanda, da takalma masu jiran ƙafa a bakin ƙofa. Ta kuma bar Borghild, wadda tun Lahadi ba ta zauna ba. Daga murhu zuwa taga, daga taga zuwa murhu. 'Ya'yan multe, ƙananan 'ya'yan itacen daji masu zaƙi, sun nuna a fadamar saman tsauni, kuma kowa ya san ba sa jiran mutum: sanyi ya bi ta kansu sau ɗaya, shi ke nan sai baɗi. Jiya ƙanƙara ta yi wa ƙololuwa fari. Tun tana amarya Borghild ba ta taɓa fashin tsinkar multe ba, ko a shekarar da aka binne Halvor ma. Mai shekarunta ba ta cewa sai baɗi.

An kawo mata sabuwar jaka, ruwan lemo, mai ƙarar ledar burodi. Ta goya ta zuwa kanti ta dawo, ta sale mata kafaɗar hagu. Tordis ta dafa ta ta ce, "Mama, ko dai lokacin hutu ne ya yi? Ai ana sayar da multe a kanti." Borghild ba ta zargin kowa da haɗa baki. Ta dai lura 'yarta ba ta yi kuka ba, ta kuma lura an riga an saya mata kujera mai lilo.

Ba ta son furanni. Ba ta son wata jakar. Haƙuri ma an ba ta, ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Tafiyarta take so, kuma wanda ya hana ta shi zai biya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, ko da ruwa ko da iska. A haɗu inda hanyar mota ta ƙare. Eilif ne zai ɗauki gawa, cikakkiya, har da maɗauran da ya jefa a kwandon shara, sai ya je ya tono su. Zai haɗa da butar kofi, kaskon ƙarfe, dankali, itacen wuta da bokitai. Ba a yarda ya auna komai ba. A gindin tarin duwatsun da ke alamta hanya za a ƙone marigayiya, a dafa kofi da wutarta, kowa ya sha a tsaye. Wanda ke da kalmar alheri ya faɗa a taƙaice, rana ba ta da tsawo.

Daga nan masu rakiya su juya. Borghild za ta wuce fadama ita kaɗai, don ba ta taɓa nuna wa kowa wurin ba, ba kuma da Eilif za ta fara ba. Shi zai zauna a bakin toka har ta dawo, ya goyo bokitan a cike zuwa gida. Haka za a yi kowace kaka, har ranar da ya koyi lanƙwasa itace ko ranar da aka kai ta kusa da Halvor.

Marigayiya ba ta taɓa tambayar saura nawa a isa ba. Ana sa ran magajinta, Eilif, zai yi koyi da ita.